A Bar 'Yan Matanmu Su Karanta Injiniya

Jama'a, akwai wata gardama da muka taɓa yi a ƙasar nan muka gama ta, yau ba mai tayar da ita. An yi zamanin da uba zai ji nauyi a ce 'yarsa tana can jami'a tana karatun likita. Amma da matanmu suka yi ta zuwa asibiti haihuwa suna tarar da maza, wasu ma suna ƙin zuwa saboda kunya har a kai ga asarar rai, sai malamai da sarakuna da iyaye suka dawo suna cewa a kai 'yan mata su koyo. Yau uban da 'yarsa ta zama likita ko ungozoma, da ita yake tinƙaho a majalisa. Buƙata ce ta koya mana wannan hankali. To ga wata buƙatar nan ta daɗe tana kiranmu muna toshe kunne, duk yarinyar da ta ce injiniya take so ta zama sai mu ce mata wannan aikin maza ne, ta nemi wani.

Ku duba cikin gidajenmu ku gani, wa ke shan wuya idan aikin injiniya ya lalace? Fanfon tuƙa-tuƙa ya mutu a ƙauye, yarinya ce za ta ɗauki jarka ta tafi rafi, ta rasa darasin safe. Murhun duwatsu uku yana ta hayaƙi, uwa ce ke shaƙa da goyo a bayanta, ita ce za ta tsufa da tari da jan ido. Injin markaɗe, keken ɗinki, firijin da ake sayar da ƙanƙara da zoɓo, na'urar matsar man gyaɗa, duk jarin mata ne, kuma duk a cikin gida suke, bayan zauren da aka rubuta wa "ba shiga". Yanzu sola ta shiga unguwanni da ƙauyuka. Batir ya ƙi caji da hantsi, dole matar gida ta zauna cikin zafi, ƙanƙararta ta narke, har maigida ya dawo da yamma ya shigo da mai gyara. Da a unguwar akwai mace mai wannan sana'a, sallama kawai za ta yi ta shige. Dalilin da ya sa muka nemi likita mace yana nan daram a kan lantarki da ruwa da gini. Kuma wadda ta san yadda ake aiki a madafa ita ta fi cancanta ta zana madafar, ta san inda taga za ta zauna, ta san inda ruwan wanke-wanke zai bi ya fita.

Bayan na cikin gida akwai na waje. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya cinye Maiduguri, bayan an taɓa ganin irin haka a 1994. Tiga da Bakolori tun shekarun 1970 aka gina su, suna neman masu duba lafiyarsu. Kwalbatocinmu suna rufta kowace damina, gine-gine suna faɗa wa mutane, tumatir yana ruɓewa a Kadawa don ba wurin sarrafa shi yadda ya kamata. Yankin da wannan aiki duk ke jiransa, ina hankali a ce ya ware rabin 'ya'yansa ya ce su ba da su ba?

Masu cewa al'adarmu ba ta san mace da irin wannan aiki ba, su tambayi kakanninsu. Wa ke yin daɓe a gidan Bahaushe, ya san yawan tsakuwa da ruwan makuba da za su sa ƙasa ta yi ƙarfi ta daina ƙura? Mata ne. A rugar Fulani, mace ce ke kafa bukka, ta lanƙwasa itace ta ɗaure ta rufe, ta kuma kwance ta idan tashi ya zo. Kaɗi da saƙa da sabulun salo da ginin tukwane duk sanin halin kaya ne, wane ke jure wuta, wane ke tsagewa. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin, da tukwanen gargajiya na Gwari ta fara, sannan a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja ta yau, ta ƙware a gashin zamani mai tsananin zafi har duniya ta san da ita. A ƙetaren iyaka kuma, a garin Dandaji na jihar Tawa a Nijar, akwai sabon masallaci da ɗakin karatu da aka kammala a 2018 da tubalin ƙasa da aka matse. Mata biyu ne suka zana aikin, Mariam Issoufou 'yar Nijar da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili. Mariam sai da ta yi shekaru tana aikin manhajar kwamfuta kafin ta koma zanen gine-gine. Yau mutanen garin suna sahu a ƙarƙashin rufin da mace ta lissafa.

Inda ake rufe ƙofar ba a bakin jami'a ba ne, tun a ajin farko na babbar sakandare ake rufe ta. Ranar da ake raba ɗalibai, waɗannan kimiyya, waɗannan adabi, waɗannan kasuwanci, a ranar ake yanke wa yarinya 'yar shekara sha huɗu ko sha biyar hukuncin rayuwarta, galibi ba tare da uwarta ko ubanta sun san an yi ba. Mai son karatun injiniya dole a jarabawar JAMB ya rubuta Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri, kuma ya zo da kiredit a cikinsu daga WAEC ko NECO. Yarinyar da aka cire daga ajin fiziks an gama da ita shekaru uku kafin ta ga fam ɗin jami'a. Wata malaminta ne ya ce mata lissafi ba na mata ba ne. Wata makarantar tasu ce ba ta da malamin fiziks ko ɗaya, ɗakin gwaje-gwajen kuma an mayar da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru. Wadda ta tsallake duk wannan ta fito da sakamako mai kyau, sai gida a taru a kanta: likita ko nas, babu na uku. Idan makinta bai kai na likitanci ba, ta zauna shekara biyu tana sake jarabawa, alhali da makin nan da tuni tana aji biyu a sashen injiniyan lantarki ko na ruwa ko na noma.

Mun san maganin, domin mun taɓa haɗa shi da hannunmu. A 1977 tsohuwar jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, a 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda yanzu take Jigawa. 'Ya'yan talakawa aka zaɓo da jarabawa, aka ba su malamai da kayan aiki da abinci. Likitoci da injiniyoyin da suka fito daga waɗannan makarantu sun cika asibitoci da ma'aikatu da jami'o'i. Abin da gwamnatin wancan lokaci ta iya yi kusan shekara hamsin da suka wuce, gwamnonin yau da ke karɓar biliyoyi kowane wata ba su da uzurin kasa yin sa.

Sai dai dole a faɗi abin da ke ran iyaye, don tsoronsu ba na banza ba ne. 'Yan matan Chibok da aka sace a watan Afrilu na 2014 sun kwana a makaranta ne don rubuta jarabawar ƙarshe. Dapchi, inda aka kwashe yara 110 a 2018, kwalejin kimiyya da fasaha ce ta 'yan mata. Jangebe, inda aka kwashe 279 a 2021, makarantar kimiyya ce ta 'yan mata. Ƙanƙara da Kagara ma, inda aka yi irin wannan satar, makarantun kimiyya ne, na maza. Makarantun kimiyyarmu na kwana ne, da yawa a bayan gari suke, don haka su suka fi shan wannan bala'i. Uban da ya janye 'yarsa bayan haka ba jahili ba ne. Amma idan muka tsaya a nan, waɗanda suka shiga da bindiga sun sami abin da suke so. Gwamnati ta katange makarantun nan ta tsare su da gaske, ta kuma buɗe ajin kimiyya mai cikakkun malamai a makarantun jeka-ka-dawo na cikin gari, yadda yarinya za ta koyi fiziks da rana ta kwana a ɗakin uwarta da dare.

Sauran dalilan ba su kai wannan nauyi ba. Wai aikin ƙarfi ne. Injiniya ba shi ke ɗaukar buhun siminti ba. Shi ke lissafa rodi nawa ginshiƙi ke buƙata don kada bene ya rufto wa mutane. Wai sutura. Hular kwano tana zama a kan hijabi lafiya lau, abin lura kawai kada mayafi ya yi reto kusa da injin da ke juyawa, kuma wannan ƙa'ida ta hau kan mai babbar riga ma. Wai karatun ya yi tsawo, aure zai wuce ta. Shekara biyar ne, bai kai na likita ba, kuma ajujuwan jami'o'inmu cike suke da matan aure masu goyo. Akwai dai tsoron malamin banza da ɗan kwangilar banza masu neman lalata da ɗalibai da ma'aikata mata. Wannan gaskiya ne, kuma maganinsa a kori mai laifin a kai shi kotu. Ina adalci a ce namiji ya yi ɓarna, mace ce za a hana karatu?

Ba mata kaɗai aka bari a baya ba. A Kano guragu da shan-inna ta kama suna zaune a ƙasa suna walda, suna ƙera kekunan hannu da 'yan'uwansu ke hawa. Wa ya fi su sanin inda keken ke ciwo? Amma yaro irinsu ya ci jarabawa ya shiga jami'a, ya tarar ɗakin zane yana hawa na biyu, matakala kawai. Tun watan Janairu na 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika. Abin kunya ne a ce tsangayar da ke koyar da gini ita ce gurgu ba zai iya shiga ba. Ga ɗan makiyayi da hukumar ilimin makiyaya, wadda aka kafa a 1989, ta kai wa firamare, daga nan hanya ta ɓace masa. Ga almajirin da ya girma a gareji ko a Panteka ta Kaduna, yana jin ƙarar inji ya gaya maka abin da ke damunsa, amma ba shi da takarda ko ɗaya. Kwalejojin fasaha su buɗe wa irin waɗannan ajin yamma, su gwada hannunsu, su ba su shaidar da za ta kai su gaba.

Kada a ce wannan matsalar Arewa ce kaɗai. Ƙungiyar injiniyoyin Najeriya an kafa ta a 1958, amma sai a 2024 ta sami shugaba mace ta farko, Margaret Oguntala. Tun 1982 Joanna Maduka da wasu 'yan tsirarun mata suka kafa ƙungiyar mata injiniyoyi, APWEN, saboda sun ga ba su da yawa. Bambancin shi ne su can Kudu sun fara tafiya, mu kuwa muna da jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga ta Bayero, ga ta Wudil, ga na Bauci da Minna da Yola da Aliero, ga kwalejin fasaha ta Kaduna, duk a ƙofar gidanmu, amma ka leƙa ajin injiniyan injuna ka ƙirga 'yan matan da yatsun hannu.

Malaman mumbari, maganarku ta fi ta kowa shiga. Ku kuka koya mana cewa sana'ar da al'umma ba ta iya rayuwa sai da ita farilla ce ta kifaya. Shehu Usmanu ya yi faɗa da mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna koyar da mata. Ku hau mumbari ku faɗa cewa ruwan sha da wutar asibiti suna cikin wannan farilla, kuma mace tana da lada idan ta ɗauke ta. Attajiran da ke raba kujerun Makka da buhunan azumi, Allah Ya saka, amma kuɗin kujera ɗaya zai ɗauki nauyin karatun yarinya har ta gama. Masu kamfanonin gini da na sola, idan ɗalibai suka zo neman wurin koyon aiki na wata shida, kada ku ajiye mace a ofis tana buga takardu. Ku ba ta mita da sukudireba ku tura ta fili tare da sauran. Mata injiniyoyin da suka riga suka fito, mun san kun sha wuya kafin ku kai, amma ku koma makarantunku na da sanye da kayan aiki, yara su gan ku da idonsu. Samari masu neman aure, wanda ya yi alkawarin za ta ci gaba da karatu a gaban waliyyai, ya cika.

Ke kuma 'yata, idan lissafi yana yi miki daɗi, idan ke ce ke kwance rediyon gida ki mayar, kada ki ɓoye. Ki faɗa wa babanki da bakinki. Idan kuɗi ne matsalar, tun 2024 akwai asusun lamunin ɗalibai na gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda ba ruwa a cikinsa, ga kuma tallafin karatu na jihohi da na asusun bunƙasa fasahar man fetur, PTDF. Ki nema, ki sake nema.

Iyaye, naku aikin na wannan zangon ne. Alhaji, Hajiya, ku taka ku je makarantar 'yarku da ƙafarku. Ku tambayi shugaban makaranta a wane aji aka sa ta, kuma wa ya zaɓa mata. Ku ce a nuna muku malamin fiziks da ɗakin gwaje-gwaje. Idan babu, ku tara sauran iyaye ku tafi wurin ɗan majalisarku da kwamishinan ilimi, ku yi ta komawa har a kawo. Ranar cike fam ɗin JAMB kuma kada ku bar mai shagon kwamfuta ya zaɓa mata kwas don ya sallami layi. Ku zauna kusa da ita, ku tambaye ta me take so, in ta ce injiniya ku sa mata albarka a rubuta.