Fankar 'Yan Kwana-Kwana: A Duba Ƙafarta Kafin a Saya

Yawancin waɗanda gobara ke hallakawa a cikin gini hayaƙi ne yake kashe su tun kafin wuta ta iso inda suke. Dalili ke nan da ya sa hukumomin kashe gobara a Amurka da Turai suka riƙi wata ƙatuwar fanka ta tafi-da-gidanka a cikin kayan aikinsu. Akan girka ta wajen mita 2 daga bakin ƙofa, ta tura iska cikin ginin, hayaƙi kuwa ya fice ta wata taga da aka buɗe can kusa da wutar. A shekarar 2008 hukumar gwaje-gwaje ta Amurka, watau NIST, tare da 'yan kwana-kwanan birnin New York, sun gwada irin waɗannan fankoki a wani bene mai hawa 7 a tsibirin Governors, aka ga suna iya tsare matakala daga hayaƙi, wadda ita ce hanyar tsira ta mutanen da ke sama.

To, amma akwai abin da masu sayen kayan gwamnati kan manta. Duk ƙarfin da fanka ta tura iska gaba da shi, da irinsa iskar ke tura ta baya. Ga kuma girgizar injin fetur. In ƙafafunta ba su da robar da za ta kama ƙasa, ko kuwa nauyinta ya taru a sama, sai ta riƙa jan gindi a kan siminti har ta kauce daga saitin ƙofa. Da zarar ta kauce, hayaƙin da aka kora sai ya komo kan ma'aikatan da suka riga suka shiga bisa amincewa da ita, su kuwa ba su san abin da ya faru a waje ba. In ma faɗuwa ta yi, ga fetur, ga inji mai zafi, a bakin gidan da ke cin wuta. Lalle wannan ba ƙaramar magana ba ce a kasuwanninmu da unguwanninmu, inda ƙofar gida sau da yawa rairayi ne ko kwata ko dakali, ruwan mesa kuma ya jiƙe ko'ina.

Saboda haka wajibi ne takardar kwangila ta faɗi fiye da yawan iskar da fanka ke bayarwa. A nemi mai faɗin gindi, mai nauyi a ƙasa, mai makullin da zai riƙe ta in an ɗaga fuskarta sama, mai ragar ƙarfe da yatsa ba zai shiga ba, wadda kuma mutum ɗaya ko biyu za su iya saukewa daga mota. Mai injin fetur tana fitar da iskar nan mai guba marar wari, kabon monoksaid, ta kuma hura ta ciki. Mai batir ba ta yin haka, sai dai tashar da ba ta da tsayayyar wutar lantarki za ta iske ta a mace ranar bukata.

Horo kuma ba a yi masa rowa. Fankar da aka kunna ba a buɗe wa hayaƙi mafita ba, ko aka sa ta tana ja da iskar hunturu, zuga wutar kawai za ta yi kamar zugazugin maƙeri. Kada wani jami'i ya sa hannu a takardar biya sai an kunna fankar a gabansa, a kan jiƙaƙƙen siminti da kan rairayi, 'yan kwana-kwanan da za su yi aiki da ita suna tsaye suna gani.