Ƙwallo Ko Ƙwai? Yadda Ake Lauye Hotunan Yara a Talabijin

A hutun da ya wuce na sauka gidan kawuna a Karaye, na tarar ya sauke tsohon akwatin talabijin ɗinsa mai ƙusumbi, ya rataya sabo shafaffe a jikin bango. Da la'asar sakaliya, bayan an taso daga makarantar allo, yaran gidan da na maƙwabta suka cika tabarma, aka kamo musu Tom and Jerry, watau wasan nan na kyanwa da ɓera. Ban daɗe da zama ba na lura akwai abin da ba daidai ba. Kyanwar ta yi ƙiba kamar wadda ta kwana a rumfar mahauta, ɓeran ya koma tamkar gafiya, ƙwallon da suke bi kuwa ya zama ƙwai. Da na tambayi kawu, sai ya ce ai shi ya sa aka saita masa haka, domin kuɗi ya zuba ya sayi gilashin nan gaba ɗaya, ba zai yarda a bar masa baƙin fili a gefe ba. Bayan kwana biyu na sake ganin irin wannan a wani gidan kallo a Rogo, sai dai can ba miƙe hoton aka yi ba, kumbura shi aka yi, har kunnuwan kyanwar suka fita daga allon.

Mai karatu zai iya cewa wannan ƙaramin al'amari ne. Ni kuwa ina ganin ya isa a tsaya a dube shi, amma bari mu fara da asalin matsalar.

Kowane hoto mai motsi yana da ma'auninsa, watau yadda faɗinsa yake idan an gwada shi da tsayinsa. Tsohon talabijin, irin wanda iyayenmu suka kalli NTA Kano da CTV a cikinsa, ma'auninsa 4:3 ne, watau in faɗi taki huɗu ne, tsayi taki uku. Na bango kuwa 16:9 ne, ma'aunin da wani injiniya Ba'amurke mai suna Kerns Powers ya kawo shawararsa cikin shekarun 1980, domin a sami tsaka-tsaki tsakanin hoton talabijin da na silima. To, idan aka kawo tsohon hoto cikin sabon allo, hanya uku ce kawai. Ko dai a bar shi yadda yake, baƙin fili ya tsaya dama da hagu ya cinye rubu'in faɗin allon. Ko a ja shi ta gefe har ya ƙaru da sulusin faɗinsa, shi ne aikin kawuna. Ko kuwa a kumbura shi a datse sama da ƙasa, rubu'in hoton ya salwanta, shi ne aikin mai gidan kallon Rogo. Hanya ta farko ce kaɗai ba ta taɓa aikin mai zane ba, kuma ita ce jama'armu suka fi ƙi.

Abin mamaki shi ne, kyanwar nan da ɓeranta sun sha wannan wuƙa har sau biyu. William Hanna da Joseph Barbera sun fara zana su a kamfanin MGM a 1940, cikin ma'aunin silima na wancan zamani, wanda ya yi kusa ƙwarai da 4:3. Da talabijin ya fara janye wa gidajen silima 'yan kallo a Amurka, sai aka fito da faffaɗan majigi mai suna CinemaScope a 1953, wanda faɗinsa ya ninka tsayinsa biyu da ɗoriya. Daga 1954 zuwa 1958 aka zana waɗansu daga cikin wasannin a wannan faffaɗan tsari. Da aka kawo su tsohon talabijin, sai aka yanke musu gefe da gefe, abin da ya haura kashi 40 cikin ɗari na hoton, har ta kai ana iya ganin kyanwa tana zabga gudu ba a ga abin da take bi ba. Yanzu kuma da allo ya faɗaɗa, na farkon ne ake datse wa kai da ƙafa.

Dalilina na farko na ƙin wannan ɗabi'a shi ne, mai zane ba ya ajiye kome a banza. A wasan da ba magana a cikinsa, irin na kyanwa da ɓera, dariyar duka a ido take: guduma tana rataye a sama, tarko yana ɗane a ƙasa, yaro ya hango su tun kafin kyanwa ta hango, nan daɗin yake. In an datse sama da ƙasa, an datse labarin ke nan. Wa zai kai wa tela babbar riga mai aska takwas, ya ce a yanke wuyan domin ta shiga akwati? Ko a ƙasar da aka ƙago abin ma an yi wannan rigima. A 2019 da kamfanin Disney ya fara nuna tsofaffin wasannin The Simpsons ta intanet a datse, masu kallo suka yi ca, domin akwai barkwancin da ya ɓace ɗungurungum tare da saman hoton, har dai kamfanin ya mayar da zaɓin tsohon ma'auni a watan Mayu na 2020.

Dalili na biyu ya fi damuna. Babba ya san ƙwallo, ya san wata daren sha huɗu, in an miƙe su zai gane lauje ne cikin naɗi. Yaro ɗan shekara uku ko huɗu kuwa yanzu idonsa yake koyo, kuma da yawa daga shirye-shiryen tashoshin yara an yi su ne musamman domin koyar da siffofi da haruffa da ƙidaya. Yaya ke nan in murya tana cewa ga da'ira, allo kuwa yana nuna ƙwai? Ba na cewa wannan zai makantar da kowa, domin yaron zai fita tsakar gida ya ga faifai da bakin ƙwarya da murfin tukunya. Amma darasin wannan rana dai ya tashi a tutar babu, wutar da aka ƙona a kansa kuma an yi asararta. Mu da muka tashi muna ganin alaramma yana barin fili a gefen allon zayyana, bai taɓa jan harafi domin ya cike katako ba, bai kamata baƙin gefe ya tsorata mu ba.

Lalle kawuna yana da hujjarsa, kuma ba zan raina ta ba. Yara goma sha biyar a gaban ƙaramin allo, na baya yana leƙe ta kafaɗar na gaba, kowane ɗan yatsa na hoto yana da daraja. Haka kuma a garuruwa irin su Zarewa da Yammedi, inda samun wutar kallon ma sai an yi dabara da janareta ko hasken rana, mutum zai ce a bar shi ya ji da abin da ya dame shi. Sai dai miƙewar ba ta ƙara wa na baya kome ba, domin tsayin hoton yana nan yadda yake, ƙiba kawai aka ƙara masa. Kumburawar kuwa girma ta ba shi ta karɓe rubu'in abin kallon.

Ba masu gida kaɗai ke da laifi ba. Hoto yakan bi ta hannu uku kafin ya iso idon yaro: tashar da ta watso shi, da dikodar da ta karɓa, da talabijin ɗin kansa, kowannensu kuma yana da nasa saitin. In tasha ta datse tun daga can, ba abin da mai gida zai iya. Amma sau da yawa mai haɗa kaya ne yakan bar dikoda a kan 4:3 alhali talabijin ɗin 16:9 ne, sai a sami hoto ya miƙe, ko kuma ya tsuke tsakiya da baƙi ta kowace kusurwa kamar kan sarki a jikin ambulan. Masu wannan sana'a a Karaye da Rogo su ne ya kamata su fara ganewa, tun da su ake kira gida gida, kuma maganarsu ake ji. Su daidaita dikoda da allon da aka haɗa ta da shi, sa'an nan su nuna wa mai gida maɓallin da ke mayar da hoto ma'auninsa na asali.

Ranar da zan komo makaranta na roƙi kawu ya ba ni rimot, na mayar da hoton yadda aka zana shi. Yaran suka yi gunaguni kaɗan, wata ƙaramarsu ta ce an rage musu talabijin. Kafin a yi nisa gudu ya kaure tsakanin kyanwa da ɓera, kowa ya manta da gefe. Kawu dai bai ce kome ba, amma na ga ya karɓi rimot ɗin ya jefa aljihu.