Mutanen Ayislan Da Harshensu

Can arewa maso yamma da Ingila, cikin Tekun Atlantika, akwai wani tsibiri da a ke kira Ayislan, watau ƙasar ƙanƙara. Sunan babban birninsa Rekyabik. Mutanen ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba, birnin Kano kaɗai ya ninka su sau da yawa. Amma kada ku raina su, yara, gama ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Ƙasar nan abin mamaki ce. Wajen kashi ɗaya cikin goma nata ƙanƙara ta rufe shi, rani da damina, ga kuwa wuta na ci a ƙarƙashinta. Akwai duwatsu masu aman wuta, akwai kuma idanun ruwa masu tafasa. A shekara ta 1963 wuta ta ɓullo daga ƙarƙashin teku, har wani sabon tsibiri ya fito inda da babu kome sai ruwa. Mutanen ba su bar ruwan zafin nan ya tafi a banza ba. Sun ja shi cikin bututu zuwa gidajensu, har gida tara cikin goma da shi a ke ɗumama su.

A watan Yuni, da kyar rana ta kan faɗi sai ta sake fitowa. A watan Disamba kuwa, hasken rana ba ya wuce kamar awa huɗu. To, me mutum zai yi da dogon dare haka? A zamanin da, mutanen gida su kan taru a ɗaki guda, waɗansu na kaɗi, waɗansu na saƙa da gashin tumaki, ɗaya kuwa na karanta musu littafi da ƙarfi. Da haka yara su ka riƙa koyon karatu tun a gida.

Kakanninsu daga Norwe su ka zo, wajen shekara ta 874. Daga baya su ka rubuta labarun mutanensu na farko a kan fatar maraƙi, cikin harshensu. Littattafan nan sun fi shekara 700, amma har yau ɗan makaranta ya kan karanta labarun ya gane, don harshen bai sāke ƙwarai ba. Ƙasar ta daɗe a hannun sarakunan Danmak, sai a 1944 ta rabu da su sarai. Da Danmak ta fara mayar musu da tsofaffin littattafansu a 1971, jama'a su ka cika tashar jiragen ruwa don tarye, sai ka ce sarki ne ya sauka.

In wani sabon abu ya zo, su kan nema masa suna daga harshensu. Da wayar tarho ta zo, sai su ka tono wata tsohuwar kalma mai ma'anar zare, su ka laƙaba mata.

Wani zai ce, ina amfanin wahala a kan harshen da mutane kaɗan ke ji? Ai Turanci ya isa. To, su ma su na koyon Turanci a makaranta, su na kuwa jinsa sosai. Amma ba su yar da nasu don sun sami na wani ba. A 1955 wani marubucinsu, Halldor Laxness, ya sami kyautar Nobel, wadda marubutan duniya ke ɗauka da girma ƙwarai, da harshen gida kuwa ya yi rubutunsa.

A ganina, mu ne ya fi kamata mu yi haka, gama masu jin Hausa sun fi miliyan 50. Ku koyi Turanci da Larabci da kyau, amma ku iya rubuta Hausa daidai. Ku tambayi kakanninku tatsuniyoyi da karin magana da tarihin garinku, ku rubuta tun su na da rai, domin abin da ba a rubuta ba, ya kan bi mai shi kabari. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.