Yatsan da Ake Cewa Targaɗe Ne

Makon jiya wani ɗalibina ya rubuta jarrabawa da hannun hagu. Ƙwallo ce ta buge masa manuniyar dama, ya shafa man zafi, ya ɗaure da tsumma, wai targaɗe ne tunda yatsan yana motsi. Na sha jin wannan hujja, kuma ba ta da tushe: karyayyen yatsa ma yakan motsa.

Ban raina maɗori ba, shi ya ɗora ni ina yaro. Amma hannunsa ba ya gano tsagewar da ta shiga gaɓa, sai hoton ƙashi. Cikin kamar mako uku ƙashin yatsa yakan kama, in kuwa ya kama a karkace, gyaransa yakan kai ga tiyata.

Aikin gida kaɗan ne: a cire zobe kafin kumburi ya yi ƙarfi, a sa ƙanƙara cikin ƙyalle, a haɗa yatsan da maƙwabcinsa ba tare da matsewa ba, sannan a nemi likita. In ya karkace, ya yi baƙi ko ya sage, a tafi nan take.

Ɗalibin dai na tura shi asibitin ƙashi na Dala, hoto ya nuna karaya.