KIMIYYA DA SANA'A: Sa'ad da Babbar Taga Ta Ƙi Buɗewa

Daga cikin abubuwan da ke ɓata wa masu rubuta manhajar kwamfuta rai, babu kamar mutum ya ƙare aikinsa, ya gwada shi a kan Windows ya ga kome daidai, sa'an nan ya kai shi kwamfutar mai saye wadda ke aiki da Linux, ya latsa, shiru. Taga ba ta fito ba, manhaja ta mutu nan take. Idan kuwa manhajar ta lissafin kantin magani ce, ko ta ajiye sakamakon jarrabawar makaranta, to, ba kunya kaɗai mai sana'a zai sha ba, har kuɗinsa da amincinsa suna cikin hatsari. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan cuta sananniya ce.

Da farko ya kamata mai karatu ya sani cewa manhaja ba ita ke zana tagarta da kanta ba. Roƙo take yi wurin tsarin da ke gudanar da kwamfutar, kowane tsari kuwa da harshensa. Windows na da nata, kwamfutocin Apple suna amfani da Cocoa, Linux kuma ta dogara ga X, wanda aka soma a jami'ar MIT ta Amurka cikin 1984, siffarsa ta 11 ta fito a 1987, ko kuwa ga Wayland da aka fara a 2008. Domin kada mai rubutu ya yi aiki ɗaya sau uku, aka ƙago kayan aiki irin su Qt, wanda wasu mutane biyu 'yan ƙasar Norwe, Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng, suka fitar wa jama'a a 1995.

Dabarar Qt ita ce ajiye tafinta ga kowane tsari. Watau wani ɗan fayil ne da ke juya roƙon manhaja zuwa harshen mai masauki. A Windows sunansa qwindows.dll, a Apple libqcocoa.dylib, a Linux mai X kuwa libqxcb.so, dukansu kuma mazauninsu jaka ce mai suna platforms. Manhaja na tashi sai ta nemi tafintan nan tun kafin ta nuna kome. In ba ta same shi ba, ko ta same shi ya kasa aiki, sai ta faɗi.

Nan ne ake samun ruɗani. Sau da yawa saƙon da Qt ke bugawa cewa yake yi ya kasa ɗora xcb ko da yake ya same shi, ya kuma ba da shawarar a sake girka manhajar. Mutum sai ya girka sau biyu, sau uku, a banza. Dalili kuwa shi ne tafintan yana nan lafiya lau, amma shi ma ya dogara ga wasu fayiloli na tsarin, kuma ɗaya daga cikinsu ne babu. Alal misali, tun daga Qt 6.5 da ya fito a watan Afrilu na 2023, tafintan xcb ba ya tashi sai da fayil mai kula da 'yar kibiyar nan da ke yawo a allo. A Debian da Ubuntu sunan ƙunshinsa libxcb-cursor0. Kwamfutar mai rubutu ta daɗe da shi, ta mai saye ba ta da shi, shi ke nan bambancin.

Saboda haka mai hankali ba ya fara taɓa rubutun manhajarsa. Abu na fari, ya tashe ta daga baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, domin a nan ne saƙon kuskure ke fitowa, wanda ya latsa hoto kawai ba zai gan shi ba. Na biyu, ya sa QT_DEBUG_PLUGINS=1 kafin ya tashe ta. Da wannan Qt zai lissafa kowace jaka da ya leƙa da kowane fayil da ya gwada, can wajen ƙarshe ya ambaci sunan wanda ya rasa. Na uku, ya auna libqxcb.so da umarnin ldd, wanda ke jera dukan abin da fayil ya dogara gare shi, ya nuna wanda ba a samu ba. Da an girka ƙunshin da ya ɓace, galibi taga sai ta buɗe.

In har ldd bai nuna rashin kome ba, akwai sauran wurare uku. Wanda ya shiga kwamfuta daga nesa ta hanyar ssh, ba tare da ya nemi a miƙo masa allo ba, zai tarar DISPLAY babu kome a ciki, manhaja kuwa ba ta san inda za ta zana taga ba. Masu rubutu da Python kuma, in sun haɗa PyQt da opencv-python, sukan ƙare da Qt guda biyu suna rigima, gama na biyun yana zuwa da nasa tafintan. Maganinsa a koma ga opencv-python-headless. Na ƙarshe shi ne ƙa'idar da Qt ya shimfiɗa, cewa ba a ƙirƙirar taga ko nuna ta sai daga babban layin aikin manhaja. Wanda ya karya ta yakan tsira wani lokaci a wani tsarin, amma kwamfutocin Apple ba su yafe wannan.

Windows ma ba ta kuɓuta ba. Wanda ya kwafi manhajarsa ya manta jakar platforms, irin wannan mutuwa zai gani, shi ya sa Qt ya tanadi windeployqt domin tattara kayan da ya kamata su tafi tare.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a miƙa wa mai saye aiki, wajibi ne a gwada shi a kan kwamfuta sabuwar girki wadda ba a taɓa rubuta manhaja a kanta ba, ta kowane tsari da aka yi alkawari, a kuma rubuta sunayen ƙunshin da ake bukata a takardar da ke rakiyar manhajar. Aikin yini guda ne, amma ya fi a tsaya gaban mai kanti ana share gumi.