Gidan Kallo Daban, Gidan Zama Daban

Wani sabon nishaɗi ya shigo wayoyinmu: kallon gidajen da ba za mu taɓa saya ba. A TikTok da Facebook da Instagram, dillali zai riƙo waya ya zagaya da mu falo biyu, tayil mai ɗaukar ido, fitilu a silin, kicin kamar na otal, sannan ya faɗi kuɗin da albashin shekara talatin ba zai biya ba. Mu yaba, mu tura wa 'yan'uwa. Finafinan Kannywood ma sun riga dillalan: a yawancinsu, in an tashi nuna wanda ya ci gaba sai a ajiye shi a gidan bene, gidan ƙasa kuwa na boka ne ko na talakan da ake jira ya yi arziki.

Da abin ya tsaya a kallo, da sauƙi. Amma ku zaga cikin birnin Kano, daga Yakasai zuwa Mandawari, daga Koki zuwa Dala, ku ga abin da ke faruwa idan aka raba gado ko aka sayar da gidan iyaye. Zaure ake fara rushewa a fitar da shago. Tsakar gida a rufe ta da kwano a kira ta falo. Dakali a fasa shi domin a sa get. Fegin da bai kai rabin na Nasarawa ba, a cusa masa fasalin gidan Nasarawa, taga na kallon bangon maƙwabci. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Kamara tana ɗaukar ƙyalli, ba ta ɗaukar zafi. A watan Afrilu zafin Kano yakan wuce maki 40, wutar lantarki kuwa kowa ya san halinta. Bangon tubali mai kauri da rufin azara sukan tare zafin rana, tsakar gida ta ba da iska da wurin shimfiɗa da dare. Bulo da kwano kuwa sai da fanka da janareta. Haka nan kamara ba ta ɗaukar aikin zaure. A nan ake karatun allo, a nan maƙwabta ke ciyayya, a nan ake karɓar gaisuwar mutuwa, a nan baƙo ke tsayawa ba tare da ya keta sirrin matan gida ba. Yau da muka rushe shi, sai mu kafa rumfa mu tare hanya duk ranar suna ko makoki.

Wannan kwaɗayin ne ya ci kududdufan da aka haƙi ƙasar gina birnin daga cikinsu, waɗanda ke karɓar ruwan damina. An cike su an yi gini, ruwan kuma ya dawo lunguna. Shi ne ke cin badalar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, wadda ta shiga jerin share fage na wuraren tarihi na UNESCO a 2007.

Za a ce gidan ƙasa na son yaɓe, kuma damina na kayar da shi. Gaskiya ne, ba mu ce kowa ya guji siminti ba. Amma Gidan Rumfa da Gidan Makama suna tsaye tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, domin ana kula da su. Kuma ko da bulo za a yi gini, me ya hana a bar zaure da tsakar gida? Tsarin ne gadonmu, ba ƙasar kaɗai ba.

Masu shirya fim kada su ce mai kallo ba ya son ganin irin gidansa, domin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya samu karɓuwa da gidajen talakawa. Masu zanen gini su zo cikin gari su zauna da magina, su fito mana da fasalin da ya dace da ƙaramin fegi da babban iyali. Mu kuma, kafin mu kira lebura ya ɗaga gatari a kan zauren kakanmu, mu tambayi kanmu inda za mu kwana ranar da aka ɗauke wuta a tsakiyar bazara.