Ran Gwamna Ya Ɓaci, Sai Me?

A watan Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu har kwana 30. Laifinsu shi ne bidiyon da suka yi suna yi wa gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, shaguɓe. A cikin watan dai jami'an tsaro suka ɗauke wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse suka wuce da shi Abuja, saboda 'yar jimlar da ya rubuta a Twitter watanni kafin nan, inda ya ce uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, Aisha Buhari, ta ƙoshi da kuɗin talakawa. Sai da ya kwana a gidan yarin Suleja, ba a janye ƙarar ba sai a farkon Disamba, bayan ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta yi barazanar fita zanga-zanga.

Abin da ya fi kamun ban tsoro shi ne tafin da ke biyo bayansa. A majalisar dattawan unguwa, a teburin mai shayi, a shirye-shiryen rediyo na kiran waya, magana guda ake ta juyawa: maganinsu ke nan, baki shi ke yanka wuya, yaran zamani ba su da tarbiyya, zagin manya ba al'adarmu ba ce. Masu wannan ra'ayi ba mugaye ba ne, yawancinsu iyaye ne da rashin kunyar da suke gani a waya ta ishe su. Sai dai sun haɗa abu biyu da ba su da dangantaka. Tarbiyya aikin gida ce da makaranta da masallaci. Ankwa da bayan kanta kuwa kayan hukuma ne, kuma kundin tsarin mulki ya shata wa hukuma inda za ta tsaya da su.

Sashe na 39 na kundin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin riƙe ra'ayi da furta shi, da karɓar bayani da isar da shi ba tare da katsalandan ba. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita wannan 'yanci, amma da sharaɗi: sai da doka, dokar kuma ta zama wadda hankali zai ɗauka a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya, don tsaron ƙasa ko zaman lafiya ko ɗa'ar jama'a ko lafiyarsu ko kare haƙƙin wasu. A karanta jerin daga farko har ƙarshe, babu inda aka ambaci ɓacin ran gwamna ko na matarsa.

Kotu ta daɗe da raba wannan gardama. A jamhuriya ta biyu, Arthur Nwankwo ya wallafa littafi yana caccakar mulkin gwamnan tsohuwar jihar Anambra, Jim Nwobodo. Babbar kotu ta ɗaure shi shekara guda a ƙarƙashin dokar tunzura jama'a kan gwamnati, wadda aka gada daga Turawan mulkin mallaka. A 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara a Inugu ta rushe hukuncin, ta ce dokar ta ci karo da 'yancin faɗar albarkacin baki, kuma mai riƙe da muƙami da ya ga an ɓata masa suna ya je ya shigar da ƙarar neman diyya kamar kowa. Shekara guda bayan haka sojoji suka fito da doka mai lamba 4 ta 1984, wadda da ita gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Wannan aikin soja ne, su ba su taɓa cewa suna bin tsarin mulki ba. 'Yan farar hula fa, mene ne uzurinsu?

Uzurinsu ya zo a 2015 cikin dokar laifukan intanet. An yi ta ne, aka ce, don 'yan damfara da masu kutse cikin kwamfuta. Amma sashe na 24 ya ƙunshi wata jela mai dafi: duk wanda ya aika saƙon da ya san ƙarya ne don ya fusata wani, ko ya takura shi, ko ya ci masa mutunci, ko ya jefa shi cikin damuwa, zai iya shan ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7, ko duka biyun. Wa zai auna fusata? Wanda aka fusata, mana. Idan kuwa wanda aka fusata yana da kwamishinan 'yan sanda a bakin waya, shari'a ta ƙare tun kafin a je gaban alƙali. A 2020 kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa yarjejeniyoyin kare haƙƙin ɗan'adam da Najeriya ta sa wa hannu, ta umarci a gyara shi. Sai a Fabrairun 2024 aka yi gyaran, aka taƙaita laifin zuwa saƙon batsa da ƙaryar da aka shirya don ta da tarzoma ko jefa rai cikin haɗari. Kame bai tsaya ba. Inda dokar intanet ta gaza, sai a janyo sassan ɓata suna da ta da hankalin jama'a na dokar finalkod a liƙa wa mutum.

Kuma sau da yawa ba hukunci ake nema ba. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana guda idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Abin da ake yi shi ne a ɗauki yaro daga garinsu da tsakar dare, a ƙwace wayarsa, a kai shi wata jiha inda ba shi da kowa, iyaye su yi ta zarya suna roƙo. Bayan mako biyu sai a ga bidiyonsa yana ba da haƙuri, kansa a sunkuye, a ce mai girma ya yafe masa. An gama horon ba tare da an tabbatar da laifi ba.

A duba rashin daidaiton. Sashe na 308 ya sa wa shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu rigar kariya, ba mai gurfanar da su suna kan mulki. Amma a 2007, a shari'ar Donald Duke, gwamnan Kuros Riba a lokacin da aka fara ta, da wata mujalla, Kotun Ƙoli ta ce gwamna shi yana da damar kai ƙarar wanda ya ɓata masa suna. Mutum yana da rigar kariya, yana da lauyoyi, yana da gidan rediyon jiha da rundunar sojojin baka, yana da mawaƙan da ake biya su yi wa abokan hamayyarsa zambo da habaici a bainar jama'a. Wannan ne ake cewa sai an tura masa 'yan sanda su kare shi daga ɗalibin da ke ƙirga ragowar datarsa.

Masu cewa ba al'adarmu ba ce su koma tarihi. Sarkin Gobir Nafata ya hana wa'azi ga kowa in ban da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya hana rawani da lulluɓi, domin maganar malamai ta dami fada. Abin da ya biyo baya a 1804 kowane ɗan firamare ya sani. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950 ta sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalan En'e, galibi da sunan rashin ladabi ga sarakuna. Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga gidan yari saboda bakinta, har korarta aka yi daga Kano. Yau an sa sunanta a asibiti a Zariya, sunan Malam Aminu Kano kuma yana kan filin jirgin sama. Da tafin da ake yi yanzu aka bi, da su ma marasa tarbiyya ne.

Wani abin takaici, manyan yunƙurin ɗaure bakin soshiyal midiya daga sanatocin Arewa suka fito. Bala Ibn Na'Allah ya kawo nasa ƙudurin a 2015. A 2019 Mohammed Sani Musa ya kawo na yaƙi da ƙarya a intanet, Aliyu Sabi Abdullahi kuma ya kawo na kalaman ƙiyayya, wanda da farko har hukuncin rataya ya ƙunsa. Babu wanda ya zama doka, domin jama'a sun yi caa. Arewa kuwa yanki ne da sau da yawa ba a jin labarin harin da aka kai ƙauye sai wani ya ɗauka da wayarsa ya ɗora a Facebook. Mutumin Zurmi ko Birnin Gwari ya fi mutumin Ikoyi buƙatar bakin nan da ake son toshewa.

Gwamnatin tarayya ma ta gwada toshe shi gaba ɗaya. A Yunin 2021, bayan Twitter ya goge wani saƙon Shugaba Buhari, aka rufe shafin har zuwa Janairun 2022, kuma a shafin Twitter ɗin ma'aikatar yaɗa labarai ta sanar da rufewar. Ministan shari'a Abubakar Malami ya yi barazanar gurfanar da masu kewayewa su shiga, alhali babu dokar da ta haramta hakan. A Yulin 2022 kotun ECOWAS ta ce rufewar haramtacciya ce.

Babu mai musun cewa waya tana ɓarna. Ana yaɗa ƙaryar da ke haddasa kisa, ana watsa hotunan mata don tozarta su, ana yi wa bayin Allah ƙazafi. Waɗannan laifuka ne, dokar da aka gyara ta tanadi hukuncin mafi munin cikinsu, kuma kotun neman diyya a buɗe take. Amma a tambayi matar da tsohon mijinta ya watsa sirrinta, motoci nawa aka tura don a kamo shi? Saurin da ake gani yana fitowa ne idan mai ƙorafi babba ne. Kuma kujera juyawa take yi, wanda ya yi murna da aka zane yaron jam'iyyar hamayya, nan da zaɓe ɗaya shi ne ɗan hamayya.

Ghana ta soke dokokin ɗaure mutum kan ɓata suna da tunzura jama'a tun 2001, a zamanin John Kufuor. Jihar Legas ta cire ɓata suna daga jerin laifukanta a 2011. Finalkod dokar jiha ce, kowace majalisar dokoki a jihohin Arewa 19 tana da ikon yin irin wannan gyara a zama ɗaya. Masu zaɓe su tambayi ɗan majalisarsu dalilin da ya sa har yanzu bai kawo ƙudurin ba.